Kajin Inna Bara'atu

Goronyo, cikin ɗari

Zuwa ga ɗiyata Safara'u, a Rabah.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi maki ta'aziyyar maigidanki Malam Iliyasu. Allah shi jiƙan shi, shi haskaka makwancinai, shi ba ki haƙurin takaba. Kin ga ban samu zuwa ba, ɗana nit tura. Ƙahwahun ga sun ƙi ni tun kaka, ko masallaci sai da sanda. Waya kuwa kin san halin kunnena, mutum na ta ihu ni ina ta "mi? mi?" Shi yas sa nir rubuto, Siddiq direba za shi kawo maki.

Akwai maganar da nike jin nauyin hwaɗi cikin wanga hali, amma in na yi shiru ban san wa za shi yi ta ba. Kin san kajin nan durgu masu gajerun ƙahwahu da gashi wake-wake, waɗanda muke kira 'yan Bara'atu. Kakata Inna Bara'atu, wadda tah haihi kakarki, ita taz zo da su Dinawa cikin kayan aurenta. Duk wanda yay yi gida cikin zuri'a sai ta ba shi kaza da zakara, da sharaɗi biyu: ba a saida su, ba a haɗa su da baƙon zakara. Yau duk danginmu babu mai su tsantsa sai ni da marigayi. Na bincika Dinawa, na bincika Sisawa, duk sun gauraye da manyan kajin nan na gidan gona. Kowace kaka mukan yi musayar zakara ni da shi don kada jini shi yi rauni. Bana ciwonai yah hana.

To, ciwon kaji na ɗari ya shigo mani. Hwarin kashi, su sunkuyar da kai, sahe ka kwashe gawa. Da hannuna nir riƙa binne su bayan gida. Babu abin da yar rage sai tsohon zakara guda, shi ma dai kwananai na ba su ƙare ba. Na ƙone tsohon akurki, na sa an ɗaura sabo.

Roƙona shi na, ki aiko mani kaza biyu ta hannun Siddiq, ko ƙwai in kazar ta yi maki nauyi. Ki yi haƙuri da tsoho.

Kawunki,
Atiku

Rabah, cikin ɗari

Zuwa ga Kawu Atiku.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iske ni, na gode da addu'a. Jikina lahiya lau, zuciya ta dai sai a hankali. Allah shi ba ka sauƙin ƙahwa.

Kawu, sai na hwaɗa maka gaskiya, ban ji daɗi ba. Layi ukku na Malam, sauran takarda duk na kaji! Ko da yake mi za ni ce, halinku guda. Duk zaman da niy yi gidan ga, bai taɓa gaishe ni da sahe ba sai ya hwara leƙa akurki. Nakan ce mai, "Malam, ko dai ni ma in yi gajerun ƙahwahu?" Sai shi yi dariya shi ci gaba da watsa masu gero.

Tunda ka tambaya, ga yadda ake ciki. Ranar addu'ar ukku gida ya cika da baƙi daga Wurno da Sakkwato. Matan unguwa na girki, ni ina ɗaka ban san inda kaina yake ba. Anka ce a kama kaji don baƙin nesa. Ka san durgu ba su da gudu, su anka hwara cahwa. Zakaran da sagaru huɗu sunka shiga tukunya. Ɗanka ma ya ci, bai sani ba. Ni kaina sai da gari yaw waye nij ji babu cara, sannan nit tambaya. Kaji ukku sunka saura, duka mata.

Liman ya yi hwaɗa ƙwarai a kan wanga yanka. Yac ce daga sa'ar da mutum yac cika, ko allurar gidanai ta magada ta. Shafi'u ƙanen Malam shi anka danƙa ma amana, kuma ba za a raba ba sai na hita takaba, ɗiyan Malam na marigayiya matatai ta hwari sun zo daga Sakkwato. Ƙwan da kajin ka yi ma, Shafi'u nike miƙa ma kullum. An ci haƙƙin magada sau guda cikin gidan ga ina kwance, ba za a sake ba ina tsaye. Ko ƙwai guda ba shi hita. Ba kayana ba na, ba kuma naka ba na.

Ka gaida mutanen Goronyo.

Ɗiyarka,
Safara'u

Rabah, ƙarshen ɗari

Kawu Atiku, salamu alaikum. Ina hwatan kana lahiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Duk ranar da Siddiq yab biyo ina aikawa a tambaye shi, sai shi ce ya gan ka zaune ƙohwar gida kana tsintar albasa, ba ka ba shi komi ba. In ciwo na, ka hwaɗa. In hushi na, haba Kawu, da mai takaba kake hushi?

Bari ka ji halin da kajinka sunka sa ni. Maƙwabcinmu ya sawo wani hwarin zakara, ƙato, awa ɗan rago. Tun da yag gane gidan ga babu namiji, ba shi da aiki sai tsallako katanga. Na ruhe kajin cikin akurki, shina zagayawa shina tona ƙasan ƙohwa. Wuni nike da tsintsiya a hannu. Ko salla nike, kunnena na waje, Allah shi gahwarta mani. Ni da ba ni iya hita ko zaure, ga ni ina tsere da zakara tsakar gida, zane na harɗe ni. Matar maƙwabcin har leƙowa tay yi tac ce, "Safara'u, ki bar su mana, ai ƙwai ƙwai na." Nic ci gaba da korar zakaran.

Kada ka zaci na hwara son su. Abin da yas sa shi na: kahin in ruhe su, kullum da sahe sai su taru ƙohwar ɗakin Malam su tsaya, suna jiran shi hito da ƙoƙon gero. Ranar hwarko na kore su. Washegari sunka dawo, niz zauna nan ƙasa niy yi kukan da ban yi ba ranar da anka ɗauke shi. Duk gidan ga ni da su kaɗai muka jiran mutum guda.

Ga maganar da tas sa nir rubuto. Ismail, babban ɗan Malam, ya gaya ma Shafi'u duk wani abu mai rai a kai kasuwa ranar rabo, don ba su da wurin kiwo cikin birni. Ba mugun yaro ba na, bai dai san su ba. Takabata ta wuce rabi. In kana da dabara ka kawo, in babu ka ce babu, in daina azabtar da kaina da tsintsiya.

Safara'u

Goronyo, shigar bazara

Ɗiyata Safara'u, amincin Allah shi tabbata gare ki. Ƙahwa na nan yadda take, albasa kuwa bana an gode Allah.

Hushi na, ba ciwo ba. Da nik karanta inda kinka ce "ba naka ba na", sai nij ji awa kin ɗauke ni mai lallaɓowa shi wawuri kayan mamaci tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Na yi kwanaki ban ci tuwo da daɗi ba. Sai da takardarki ta biyu taz zo nig gane amana kike tsaro, kuma kin hi ni gaskiya. Ta'aziyya da roƙo cikin takarda guda, wannan rashin kunya ta, ko da daga tsoho. Ki yahe mani.

Na tambayi malaminmu na nan. Yac ce hita da kayan magada aka hana, ba a hana shiga da wani ba. To, ga zakara nan cikin kwando Siddiq ya taho maki da shi. Ya kuma gaya mani duk ɗan tsakon da anka ƙyanƙyashe kahin rabo uwatai za shi bi, na magada na. Nic ce na ji. Su zama na kowa, in dai suna duniya.

Ki saurara da kyau nan. Wanga zakara cikin gidan annoba yat tsira. Wani ya kan tsira amma ciwon na ɓoye jikinai, shi kai ma wasu. Kada ki haɗa shi da kajin da zuwanai. Ki ware shi can bayan rumbu, da kaskon ruwanai daban, har Juma'a biyu ta wuce. Ki riƙa duban kashinai. In kin taɓa shi ki wanke hannu kahin ki je akurki. In kinka yi gaggawa za mu rasa su duka cikin mako guda, kuma kayan mutane na.

Ba shi son dusa jiƙaƙƙa, gero tsaba yake so. Da rana ya saba kwanciya ƙarƙashin kujerata, in ya dame ki da bin ƙahwa ba rashin ladabi ba na. Tun rasuwar matata ba ni da abokin hira tsakar gida sai shi. Ban san yadda gidan ga za shi zama gobe da sahe ba.

Kawunki,
Atiku

Rabah, tsakiyar bazara

Zuwa ga Kawu Atiku. Salamu alaikum. Na yahe, ni ma ka yahe mani kaihin baki. Ina lahiya, zahi na dai ya yi yawa.

Ka zauna kahin ka karanta wagga. Zakaranka ya rasu.

Motar Siddiq ta lalace masu a hanya, sunka wuni cikin rana. Ko da yak kawo shi, baki buɗe, hukahukai a ƙasa, zanko ya yi baƙi. Na ɗiga mai ruwa da yatsa har yaf farfaɗo. Na ware shi bayan rumbu yadda kac ce. Kashinai lahiya lau, amma kullum ƙara sanyi yake, in ya yi cara sai ta tsinke a tsakiya. Nig ga in na jira Juma'a biyu, gawa za ni haɗa da kajin. In kuma na haɗa su yanzu, na yi caca da kayan magada.

Sai nik kira Shafi'u nic ce a sa kajin nan ukku cikin tumunina na gado tun yanzu, in sun mutu ni nir rasa. Yab buga ma Ismail da ƙannenai waya. Ismail yac ce, "Inna, in kaji kike so ai ba sai an tara mu ba, ɗauki." Sannan nik kama ƙaramar, wadda tah hi su yawan ƙwai, nik kai mai ita kaɗai. Biyun nib bar su ruhe, nic ce in ciwo ya tashi ko su a tsira da su.

Da yag gan ta, Kawu, sai yam miƙe. Ya tona ƙasa ya kira ta, ya bar mata geron da ke gabanai. Sun yi kamar mako tare. Ran nan da hantsi nis same shi kwance inuwar rumbu, kai cikin hihhike, awa mai barci. Na gina rami gindin dalbejiya na ruhe shi.

Har yau ƙaramar ko tari ba ta yi ba. Babu wani ciwo jikinai, tsuhwa ta da wahalar hanya. Abin da ka ci mani rai ke nan. Da na sakar mai duka ukkun, da yanzu kaskon ƙwai ukku nike tsaro. Tsoro yas sa na hana, ga shi kasko guda gare mu. Ƙwai tara tay yi, na ɓoye su cikin yashi mai sanyi, jiya tak kwanta bisansu cikin ɗakin Malam, bayan ƙohwa.

Safara'u

Goronyo

Ɗiyata, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta, na shiga ɗaka, ban hito ba sai la'asar.

Kada ki ɗora ma kanki. Ni nic ce a ware shi, kuma in yau anka maido ni baya haka za ni sake cewa, don na ga abin da annoba ka yi. Ke kin ma hi ni zuciya da kinka kai mai guda. Na gode da ba ki jehwa shi bola ba.

Ƙwan bazara wuya gare shi. Ki riƙa yayyahwa ruwa ga yashin da ke kewaye da kaskon, ba bisa ƙwan ba. Ki aje mata ruwa da gero kusa. Abu guda nike roƙonki da girman Allah: kada a ɗaga ta daga inda tak kwanta. 'Yan Bara'atu in anka canza masu wuri ba su komawa bisa ƙwai, ko da ɗaki guda na. Na san takabarki ta zo ƙarshe. Ban san yadda za ki yi ba, kuma ba ni da bakin ce maki komi.

Atiku

Rabah, ƙarshen bazara

Kawu, salamu alaikum. Ina lahiya. Na hita takaba, an raba gado lami lahiya, gida ya hwaɗa ma su Ismail.

Ranar hita, yayana Abdulƙadiri yaz zo daga Dinawa da mota da mata cike, yadda aka saba. Na yi wanka, na sa sabon zane, an yi addu'a, an loda kaya. Anka ce in hito. Nic ce su tahi da kayan, ni ina nan tahe. Abdulƙadiri yac ce, "Mi kike jira?" Nin nuna mai bayan ƙohwa. Wallahi Kawu ban taɓa ganin ranai ya ɓaci haka ba. Yac ce, "Na tara mutane, na zo ɗaukar ƙanwata, ki ce mani kaza?" Goggonninmu sunka yi ta lallashi, wata tac ce a sa ta kwando da ƙwan duka, ai Dinawa ba nisa. Na ƙi. Sunka tahi ba sallama.

Niz zauna ɗaki wayam, daga ni sai tabarma da buta da tukunya guda. Cikin gari ana ta cewa na ƙi hita don ina haƙon gida. Wadda muke cin abinci kwano guda da ita ta daina shigowa. Wannan ya yi mani ciwo, ba ni ɓoye maka. Maganar ta kai kunnen Ismail har yaz zo da kainai. Nij ja shi nib buɗe ƙohwar a hankali. Yad daɗe tsaye shina kallon ta. Sai yac ce, "Nan Baba ka aje takalmanai." Ya miƙo mani makulli yac ce in zauna har ta tashi.

Ta tashi, Kawu. Shidda sun lalace, zahi ya dahwa su. Ukku sun hito, ƙahwahu gajeru awa an datse, guda har da ɗigon hwari a kai. Na sa an samo masu gara suna ta ci. Da sun yi ƙwari Siddiq za shi kwashe mu da sassahe zuwa Dinawa, mu bakwai. Ka tayar da addu'a, zakara guda muke nema cikin ukkun nan.

Ɗiyarka,
Safara'u

Dinawa, cikin kaka

Zuwa ga Kawu Atiku.

Salamu alaikum. Muna lahiya, an hwara yankan gero, Abdulƙadiri ya huce har shi yaɗ ɗaura mani akurki. Saƙonninka duk sun iso ta bakin Siddiq. Na ji ka sa an bi ƙauyukan bakin gulbi ana cigiyar zakara durgu tsantsa ba a dace ba. Allah shi saka maka, shi ƙara sauƙin ƙahwa. Na daɗe ban rubuto ba don ina jiran in tabbatar.

Biyu cikin ukkun tun suna ƙanana nig gane sagaru na. Na ukkun yah hi su zanko, yah hi su tsiwa, shi ka korar sauran ga kasko. A kainai nis sa rai. Har suna nib ba shi, Maigida. Garar da tah hi kyau shi nike ba. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauki kujera in zauna bakin akurki ina jiran cara. Matar Abdulƙadiri ta san kaji, takan dube shi ta dube ni ta wuce. Ni ma ina da ido, Kawu. Ƙin gani niy yi.

Shekaranjiya nis same ta cikin kasko, ita Maigida. Ta tashi ta bar ɗan ƙaramin ƙwai da ɗuminai. Duka mata na.

Na daɗe riƙe da ƙwan nan a hannu. Kyakkyawa na, kuma babu abin da za shi zama. Sannan nid dubi akurkin. Kaji shidda, tsohhin tun ɗari suke kulle, gashin wuyansu ya cinye ga karan ƙohwa. Ƙananan ba su taɓa tona ƙasa da ƙahwarsu ba. In na ci gaba da tsaron su, za su mutu ɗaya bayan ɗaya, tsantsa, ba ɗiya ba jika.

Na san sharaɗin Inna Bara'atu. Ban shawarce ka ba don na san abin da za ka ce, kuma in ka hwaɗa ba ni iya saɓa maka. Laihin ya tsaya kaina. Abin da za su haihwa ba 'yan Bara'atu ba na, kuma ba ni barin kowa shi kira su haka. Wancan suna ya ƙare hannuna da hannunka. Ka yi muna addu'a, mu da waɗanda sunka riƙe su kahin mu.

Yau da hantsi nib buɗe masu. Tsohhin sunka hita da gudu iya na durgu, sunka nuhi bayan danga inda kajin unguwa ka kiwo. Sagaru biyu sunka bi uwarsu. Ita Maigida ta tsaya bakin ƙohwa tana leƙe, ta ɗaga ƙahwa ta maida, ba ta san hita ba. Sai da nis sa hannu nit tura ta.

Ɗiyarka,
Safara'u